A Kife Hoton, Amma a Bar Ledar a Ciki

A gabashin tsibirin Bali na ƙasar Indunisiya akwai wani wurin bauta na mabiya addinin Hindu da ake kira Lempuyang. Ƙofarsa wasu dogayen ginshiƙai ne guda biyu masu sassaƙa, tsakaninsu fili, kuma in gari ya yi wasai ana hango dutsen Agung ta tsakiyarsu. Hoton wannan ƙofa ya daɗe yana yawo a Instagram: mutum tsaye tsakanin ginshiƙan, a gabansa wani tafki garai-garai, shi da ƙofar da gajimare duk sun sake fitowa a kife cikin ruwan. Masu yawon buɗe ido suka riƙa niƙo gari daga Turai da Amurka, su karɓi lamba, su yi zaman jiran layi na sa'o'i. A 2019 zance ya fasu, bayan wata 'yar jarida ta je ta dawo ta faɗi abin da idonta ya gani. Babu tafki, babu ko kududdufi, daɓe ne kawai. Wani mutum ne ke zaune daura da ƙofar, ka miƙa masa wayarka, ya kara ɗan madubi a ƙarƙashin idon kyamarar, ya danna, ka ba shi na goro. Ashe duniya kallon kitse take yi wa rogo.

Wanda ya ji wannan labari zai iya cewa shi ke nan, duk hoton da aka ɗauka ta cikin ruwa ko madubi, duk wanda aka kife ƙasa ta koma sama, wasan yara ne ko kuma yaudara. Da ma a nan gida da zarar ka nuna wa mutum irinsa, amsar a bakinsa take: "Kai, wannan ai haɗi ne." Ni ban yarda da wannan hukunci ba. A ganina hoton da aka kife yakan fi miƙaƙƙe faɗin gaskiya, amma da sharaɗi guda: ya zo da shaidarsa a jikinsa. Laifin mai madubin Bali ba amfani da madubi ba ne, ɓoye madubin ne.

Kafin ma a kai nan, ya kamata a tuna cewa kyamara tun asali a kife take ganin duniya. Duk wanda ya taɓa kwanciyar rana a ɗaki mai duhu, wanda ƙusa ta huda tagarsa ta langa-langa, wataƙila ya ga abin da nake nufi: wasu siffofi masu launi dishi-dishi suna wucewa a jikin bango, kawunansu ƙasa, kuma in mai tallar da ke waje ta nufi gabas, siffarta ta nufi yamma. Yara kan tsorata su ce aljanu ne. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi zamansa a Alƙahira har ya rasu wajen 1040, ya bi diddigin wannan a littafinsa Kitabul Manazir. Ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, haskensu na shiga ta kafa guda, ya ga kowace fitila ta yi nata ɗigon haske a bango, a ɓangaren da ke kishiyantar inda take. In ya rufe ɗaya, nata ɗigon kaɗai ke ɓacewa. Dalili kuwa haske miƙe yake tafiya. Wanda ya taso daga kan mutum ya ratsa kafar zai sauka ƙasa, wanda ya taso daga ƙafarsa zai hau sama. Kowace kyamara, daga akwatin katako har wayar da ke aljihunka, wannan ɗakin ne aka ƙanƙanta.

Tsofaffin masu hoto sun san haka da idonsu. Masu shekaru za su tuna mai hoton da ke kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bakin kasuwa, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle yana cewa a ɗaga haɓa, kada a motsa. Abin da yake kallo a ƙarƙashin ƙyallen shi ne kai ɗin nan da ka ci ado, hularka a ƙasa, takalmanka a sama. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, kuma a yau manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya ke ririta hotunansa, da irin babbar kyamarar nan ya yi aikin da ya yi suna da shi. Duba yadda zanen atamfar mace ke gogayya da zanen ƙyallen da ya rataya a bayanta, yadda hannu ke kwanciya a kan rediyo ko kan keke daidai inda ya kamata. Ina kyautata zaton kifewar tana cikin abin da ya kaifafa masa ido. Mutumin da kake kallo a kife ya daina zama Alhaji wane ko matar wane na ɗan lokaci, ya zama layi da haske da nauyi, sai ka lura kafaɗarsa ta karkace, ko wani reshe ya tsiro masa a ka.

Idonmu ma haka yake. Johannes Kepler ya bayyana a 1604 cewa siffar da ke sauka a bayan ƙwayar ido a kife take. Can wajen 1897 wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, George Stratton, ya ɗaura wa kansa gilashin da ke kife masa duniya har kwana 8. Kwanakin farko ya sha jiri da lalube, kafin ƙarshe ya soma zirga-zirga ba wahala sosai. Abin da muke kira daidai, wani kasonsa sabo ne.

Sabon nan shi ne abokin gabar mai hoto. Ido malalaci ne: da zarar ya ba abu suna, ya ce wannan masallaci ne, wannan gada ce, ya gama aikinsa ya wuce. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da yake cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu hoto ta Magnum a 1947, an san shi da ɗabi'ar juya hotunan da matasa suka kawo masa ƙasa a sama kafin ya ce uffan. Ya fara koyon zane ne kafin hoto, kuma ya san in aka kife hoto labarinsa yakan yi shiru, tsarinsa ya yi magana. Shahararren hotonsa na 1932, wanda ya ɗauka a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris, rabinsa ruwa ne. Wani fili ne da ruwa ya kwanta, da wani tsani yashe a ciki. Wani mutum ya taka tsanin ya daka tsalle, aka kama shi a sama, dunduniyarsa saura ƙiris ta taɓa ruwan, a ƙarƙashinsa kuma inuwarsa a kife tana miƙo tata dunduniyar. Can baya a jikin shinge ga wata takardar talla mai hoton 'yar rawa, ita ma ta yi tsalle, ita ma ta fito cikin ruwan. Da babu inuwar nan, da hoton wani mutum ne kawai mai gudun jiƙa takalmi. Ita ce ta auna mana tazarar da ta rage tsakanin dunduniya da ruwa, ta sa muka san cewa in aka ƙara ƙiftawar ido duk wannan madubi zai tarwatse. Sannan ka lura ba a share komai ba: tsani, tarkacen ƙarfe, tsibin duwatsu, duk suna nan. Kowa ya kalla ya san ruwan banza ne a bayan tasha.

Wanda ya fi burge ni a wannan fage shi ne Abelardo Morell. An haife shi a Habana ta ƙasar Kuba a 1948, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka a 1962, ya zama malamin koyar da ɗaukar hoto a Boston. A 1991 ya fara wani aiki da ba ya buƙatar komai sai baƙar leda da haƙuri. Zai shiga ɗaki, ya lulluɓe tagogi ruf da ledar, ya huda kafa guda mai faɗin kusan santimita ɗaya. Nan take duk abin da ke waje zai zubo cikin ɗakin a kife, ya bazu a bango da silin da kan gado. Sai ya kafa kyamararsa a ciki, ya buɗe ta ya tafi harkarsa, domin hasken ya yi rauni ƙwarai, sai fim ya sha wajen awa 8 kafin hoto ya kama. A ɗaya daga cikin hotunansa, na 1994, dogon benen nan na Empire State da ke New York ya rato daga saman bango, ƙololuwarsa ta gangaro kan shimfiɗar gado. Gadon yana nan daram yadda aka san gado. Birnin ne ya kife.

Nan ne gizo ke saƙar. Da Morell ya yanke gadon da ƙofa da fitila ya bar birnin kaɗai, da abin da zai rage hoton New York ne maras kaifi da aka juya, wanda kowane yaro zai iya yi da yatsa biyu a waya. Abin da ya ba hoton rai shi ne haɗuwar miƙaƙƙe da kifaffe a wuri guda, kuma mai kallo yana iya bin sawun yadda aka yi. Ba a ce maka ka yarda ba, an nuna maka. Daga baya ya soma sa wani gilashi a bakin kafar da ke miƙar da siffar, ya koma kyamarar dijital mai launi da ba ta buƙatar dogon jira. Hotunan sun ƙara kyau, babu musu, amma ni har gobe na farkon nake so. Da birnin ya miƙe, sai ya yi kama da takardar adon da aka manna a bango.

Haka Vivian Maier, matar da ta shafe rayuwarta tana renon 'ya'yan mutane a Chicago, ba wanda ya san tana ɗaukar hoto da gaske sai da aka yi gwanjon kayanta a 2007 aka tarar da hotuna fiye da 100,000. Ta ɗauki kanta sau da yawa a gilashin kantuna da madubai. A kusan dukkansu kyamararta ta Rolleiflex tana nan a ƙirjinta, ba ta ɓoye ta ba, kuma kana ganin abu uku a lokaci guda: kayan da ke cikin kanti, titin da ke bayanta, da ita kanta tsaye a tsakani, fuska ba yabo ba fallasa.

Akwai kuma wani abin da masu manhajar ƙirƙirar inuwa ba su cika sani ba. Inuwar da ke cikin ruwa ba kwafin na sama ba ce. In kana tsaye idonka mita ɗaya da rabi sama da ruwa, abin da ruwan ke nuna maka shi ne yadda duniya za ta kasance ga wanda idonsa ke mita ɗaya da rabi a ƙarƙashinsa yana kallon sama. Shi ya sa a inuwar gada kake ganin cikinta, wanda ba ka gani a gadar kanta, a inuwar mutum kake ganin ƙasan haɓarsa da cikin lemarsa, kuma wani dutse da ke can nesa bayan gini zai iya ɓacewa ɗungurum a cikin ruwan. Ruwa ido na biyu yake ara maka, daga inda ba za ka taɓa iya tsayawa ba. Manhaja kuwa rabin sama take ninkewa ƙasa ta ɗan girgiza shi, ba ta ƙara maka sanin komai ba. Sannan inuwar gaske kusan kullum ta fi ainihin abin duhu. In ka tsaya kai tsaye kan ruwa ka dubi ƙasa, kashi 2 cikin 100 na haske kawai yake maido maka, saura ya nutse, shi ya sa taɓon ƙasa kake gani. Sai ka sunkuya, ka yi ta sunkuyawa har idonka ya kusa daidaita da fuskar ruwan, sannan ya koma madubi. Wannan ne dalilin da ya sa masu sana'ar ke juya waya kanta ƙasa, idon kyamara ya kusa shafar ruwa, su kuwa suna tsugune ana yi musu kallon waɗanda suka zare.

Yanzu mu dawo gida, domin babu abin da muka fi wadata da shi a watan Agusta kamar kwantaccen ruwa. Duk garin da ka sani, Kano ko Zariya ko Maraɗi, in aka sheƙa ruwan la'asar aka ɗauke, tituna sun cika da madubai kyauta. Matasa masu ɗaukar hoto da waya sun fara ganewa, kuma ina murna da haka, domin mun daɗe a kan hoto iri ɗaya: a tsaya, a gyara hula, a kalli kyamara. Ka ɗauki wani lungu bayan ruwa. Hasumiyar masallacin unguwa ta miƙe a kife cikin ruwan da ya tare hanya, wayoyin lantarki sun ratsa ta, wata yarinya ɗauke da faranti ta tattare zani tana bin gefen katanga tana neman busasshen wuri, ƙafarta ta gaske da ta cikin ruwa suna haɗuwa a kowane taku. A gefe ga ledar fiya wata tana shawagi, ga bakin lambatun da shara ta toshe, wanda shi ne ma ya sa ruwan ya kwanta. Kana da 'yan daƙiƙu kafin a-daidaita-sahu ya ratsa ya dama komai.

Me za ka yi da ledar? A nan ake rabuwa. Mafi yawa za su matsa kaɗan su fitar da ita daga hoton, ko su goge ta daga baya, su yanke bakin lambatun, su kife hoton, su fito da wani gari mai tsabta da ke lilo a sararin samaniya. Za a yi ta yabawa. Amma wannan shi ne tafkin da babu shi, an dai ɗauko shi daga Bali an kawo unguwarmu. Ya ma fi muni, domin can madubi ne kawai aka ɓoye, nan kuwa abin da aka ɓoye shi ne ruwan da sauro zai yi ƙwai a ciki, wanda in aka ƙara kwana biyu ana zuba shi zai shiga ɗakunan mutane. Na san za a ce mai fasaha ba duba-gari ba ne, aikinsa nemo kyau. Na yarda da rabin maganar. Ba na cewa kowane hoto sai ya zama takardar koke. Abin da nake cewa shi ne hoton da ledar ke ciki ya fi kyau, ko da ma'aunin kyan kaɗai aka auna. Ka kife shi ka gani: hasumiya ta miƙe daidai, yarinya na tafiya daidai, amma ga leda tana shawagi a sama kusa da ƙololuwar hasumiya, ga bakin kwalta ya zama rufin duniya. Mai kallo zai tsaya, ya rikice na ɗan lokaci, sannan ya gane. Wannan 'yar tsayawar ita ake nema, kuma ledar ce ta jawo ta. A cikinta ne mutum zai ga lungun da yake bi kullum kamar yau ya fara ganinsa, da kyansa da ƙazantarsa.

Irin wannan rikicewar ce ta sa hoton raƙuman George Steinmetz ya karaɗe duniya. Shi mutum ne da ke tashi sama da wata lema mai ƙaramin inji goye a baya, dabarar da ya fara amfani da ita a ƙarshen shekarun 1990 domin ɗaukar Saharar Nijar. A hamadar Oman ya ɗauki garken raƙuma daga sama tsaye, rana ta yi ƙasa. Kallon farko baƙaƙen raƙuma za ka gani suna tafiya. Sai ka ƙura ido ka gane waɗannan inuwoyi ne, raƙuman gaske su ne 'yan siraran farare-fararen layukan da ke gindin kowace inuwa. Bai cire komai ba, bai ƙara komai ba, wurin tsayawa kawai ya sauya.

Wurin tsayawa kuwa ba abin wasa ba ne. Aleksandr Rodchenko na Rasha ya yi ta caccakar masu ɗaukar hoto daga saitin cibiya a shekarun 1920, yana ɗauka daga sama ƙasa, daga ƙasa sama, har hukumomin zamanin Stalin suka juya masa baya. 'Yan siyasarmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma masu ɗaukar musu hoto sun san darasin sarai: a durƙusa a ɗauki mai gida daga ƙasa ya zama basamude, a zaɓi kusurwar da za ta cika filin taron da rabinsa kujeru ne. Wanda ya taɓa tsugunawa bakin kwata yana neman kusurwa da wayarsa, da wuya fastar kamfe ta sake ruɗarsa kamar da.

Juyin dama da hagu ma yana da nasa rikicin, kuma a wurinmu ya fi na Turawa nauyi. Wayoyi da yawa suna ajiye hoton ɗauki-kanka yadda madubi ke nuna shi. Sai ka ga bawan Allah ya sa hotonsa yana cin tuwo ko yana miƙa wa dattijo hannu, a yi masa ca a kan ya yi da hagu, alhali da damansa ya yi. Rubutun da ke rigarsa, in akwai, shi ne zai wanke shi, domin a juye zai fito. Tsohuwar matsala ce. Wani hoton ƙarfe na ɗan bindigar Amurka Billy the Kid ya sa an daɗe ana ɗauka bahago ne, har aka yi fim a kan haka a 1958, alhali irin wannan hoton da ma a juye yake fitowa.

Abu guda ne ba zan goyi bayansa ba ko da shaida ta cika hoton. Madubi da gilashi suna ba ka damar ɗaukar mutum ba tare da ka fuskance shi ba. Ka saita waya kan madubin gefen mota ko gilashin kanti kamar kana duba saƙo, alhali matar da ke bayanka tana cinikin kayan miya kake ɗauka. A titin New York wataƙila ba wanda zai kula. A kasuwar Kurmi ta Kano ko kasuwar Zinder wannan matar aure ce ko 'yar wani, kuma gobe hotonta zai iya kaiwa wayar surukanta da wani rubutu a ƙasa wanda ba kai ka yi ba. Kasancewar fuskar ta biyo ta ruwa ko ta gilashi kafin ta shigo kyamararka bai mai da ita taka ba. In za a gane mai ita, ka juya ka yi sallama, ka nuna mata abin da ka ɗauka, ka ce, "Hajiya, ga abin da na ɗauka, in bari ko in goge?" In ta ce a goge, ka goge a gabanta, har da wanda ya koma kwandon shara na wayar.